Jirgin ƙarfe huɗu da kwata

Tun Litinin ruwa ke dukan rufin ɗakin sama
kamar mai bin bashi.
Ni ko ina nan, tabarau a karan hanci,
hantsaki a hannu,
ina sake gina Ballinamore a bisa tsohon ƙyaure.

Ina ɗan shekara tara suka tuge layin dogon.
Ƙarfen aka sayar a kan awo,
katakon manoma suka kwashe suka yi shinge.
Yau in ka je, sai ciyawa, sai tumaki,
sai wani dogon shiru
mai lanƙwasa daidai inda jirgi ke lanƙwasawa.

To, na dawo da shi.
Tsawonsa taku takwas, faɗinsa uku.
Ƙasar, ganyen shayi ne da Nuala ta shanya a bakin murhu.
Kurmin, gansakuka ce daga bangon coci.
Katangun dutse kwali ne,
wata biyar ina yankawa, har wuƙar ta san yatsana.
Amma kwal ɗin da ke cikin taragu na gaske ne,
na Arigna,
a cikin safa na sa shi na farfasa da guduma.

Ran Laraba Fergal Gilheany kan zo da ma'auninsa.
Ya ce koren injin ya cika haske,
ya ce tagar tasha huɗu ce, ba biyar ba,
ya buɗe mini hoto.
Na ce, Fergal, kai a takarda ka gani,
ni ta ta biyar ɗin na leƙa.
Muka sha shayi, kowa da gaskiyarsa.

Mai tsaron mashigi ce ta ba ni wuya.
'Yan mutanen da ake sayarwa a kanti
duk murmushi suke, da huluna masu kyau.
Mahaifiyata ba ta murmushi sai jirgi ya wuce.
Da waya na yi ta, da kakin kyandir,
sau uku tana karyewa a hannuna.
Ta huɗun ba ta kai farce tsawo ba,
amma ga kafaɗar nan ta hagu da ta ɗan sauka
don nauyin ƙofa,
shekara ashirin da biyu, ruwa ko rana.

Ƙarfe huɗu da kwata nake murɗa makunni.
Injin ya yi tari, ya yi gunaguni, ya motsa,
ya ja taragu shida ya haye gada.
A kwanar bayan gidanmu sai ya kife.
Kullum nan.
Na goge, na daidaita, na yi addu'a, na yi zagi.
Hannuna yanzu rawa yake kamar ganye,
sai jikata Clodagh ta ɗaga shi da yatsu biyu
ta mayar da ƙafafunsa kan layi.

Jiya ta ce, Kaka, ina za shi?

Na buɗe baki, na rufe.
Na gasken ya tafi da yayana Malachy
da akwatin kwali ɗaure da igiya,
zuwa bakin teku, zuwa Ingila.
Mahaifiyata ce ta buɗe masa ƙofar da hannunta.
Wasiƙa biyu, sai shiru.

Wannan kuwa, na ce mata, ƙidaya ki gani.
Ta ƙidaya. Arba'in da ɗaya,
ga shi ya ɓullo ta bayan tudun kwali,
fitilarsa kamar ƙwayar gero.

Nuala na kira daga ƙasa, dankali zai huce.
Clodagh ta ruga.
Na tsaya na bar shi ya ƙara zagaye ɗaya,
ya wuce matar kaki,
da kafaɗarta,
da ƙofarta a buɗe.